Ruwan bohol ɗin bakin masallaci: a ci gaba da sha ko a dakata?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai maganar da ake ta yi a ƙofar gidaje da teburin mai shayi, na ga gara a kawo ta nan a yi ta a fili. Tun da damina ta kankama yara suke ta gudawa a layinmu da layin bayan makaranta, wasu har da amai. Mata da yawa sun ce ruwan bohol ɗin bakin masallaci ya canja, musamman washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ni ban ce shi ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Amma kusan duk gidajen nan daga can 'yan garuwa suke ɗebo mana. Me ya kamata mu yi? Don Allah a yi magana da ladabi, akwai iyayenmu a zauren nan.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri Sakatare, dama abin yana cina. 'Yan biyuna duka sun kwanta, ɗayar sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Ranar Talata da safe mai ruwa ya juye min jarka a baho, ido dai bai ga komai ba, amma da na sunkuya sai na ji wani bashi-bashi yana tasowa. Na ɗauko farin ɗankwali na tace bokiti ɗaya, wallahi sai ga wani kore-kore mai santsi ya kwanta a tsakiyar ɗankwalin. Hoton yana wayata ga mai son gani.

Baffa na Kan Kwana: Sakatare, da ka fara zuwa wajena kafin ka kawo wannan magana bainar jama'a. Bohol ɗin nan yayana marigayi ne ya haƙa shi da guminsa, sadaka mai gudana, lokacin da matan unguwar nan suke tafiya har bakin titi neman ruwa. Shekara da shekaru muna sha, da shi muke alwala, ba wanda ya ce uffan. Gudawar yara kuma wace damina ce ba a yin ta? Yaro ya ci ɗanyar gyaɗa, ya ci masara da hannun da ya gama wasa a kwata, sai a ce ruwan marigayi ne? Yanzu na tara kofi a famfon, ruwa garau.

Sakatare: Allah ya huci zuciyarka Baffa. Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ruwan nan ya zame masa haske a kabarinsa. Ba wanda ya taɓa sunansa, kuma ba za a taɓa ba.

Anti Nas: Baffa ina wuni, a gafarce ni zan sa baki. Gaskiyarka ne cewa hannun yara da abin da suke ci suna kawo gudawa, kullum muna faɗa wa iyaye. Amma idan gidaje da yawa da ba tukunya ɗaya suke ci ba suka kamu a mako ɗaya, abin da ya haɗa su ake fara dubawa, mu kuwa ruwa ne ya haɗa mu. Hasken ruwa kuma ba shaida ba ne. Ƙwayar cutar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, ba su da launi, sau da yawa ko wari babu. Ruwa zai iya fitowa garau ya kwantar da gida guda. A 2021 da kwalara ta ɓarke a ƙasar nan, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Mu da muke asibiti a lokacin ba ma fatan a maimaita.

Kafin a gama muhawara ga abin da ba ya jira. Yaron da ke gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na leda da ake sayarwa a kemis ya fi. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono. Idan bayan gidan ya zama ruwa tsululu fari-fari irin ruwan wankin shinkafa, ko ido ya faɗa, ko yaro ya ƙi shan komai, ko fitsari ya ɗauke, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kwalara tana iya gamawa da mutum cikin sa'o'i.

Hajiya Mai Ƙosai: Allah ya yi miki albarka 'yata. Ni dai alif nake jefawa a randa tun tasowata, ruwa ya kwanta tas.

Anti Nas: Amin Hajiya. Alif yana da amfaninsa, yana tattara laka da datti su kwanta a ƙasa, haka ma garin 'ya'yan zogale. Sai dai ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan ruwan ya kwanta a tsiyaye na saman, sannan a tafasa ko a sa kulorin. A matatar ruwa ma haka ake yi, alif da farko, kulorin a ƙarshe.

Injiniya: Salam. Na daɗe ina son in yi wannan magana, kunya ce ta hana ni. Jiya bayan la'asar na zagaya wajen. Abu uku na gani. Dakalin simintin da ke kewaye da bakin bohol ɗin ya tsage, har ciyawa ta fito ta tsagar, kuma in aka yi ruwa nan ne ruwan layin yake taruwa ya kwanta. Na biyu, tankin da ke sama ban ga alamar murfi a kansa ba daga inda na tsaya. Na ukun shi ne mai nauyi: sokawen sabon ginin da ke jikin katangar masallaci, wato ramin da ƙazantar bayan gidansa take taruwa. Na auna da ƙafa, bai kai taku goma sha biyar ba tsakaninsa da bohol ɗin. Ƙa'idar da masu aikin ruwa suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai ko sokawe da inda ake ɗiban ruwan sha.

Kuma ku sani ƙasan Kano dutse ne. Ruwan da muke zuƙowa yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsage-tsagen da ke cikin dutsen. Inda ƙasa take yashi mai kauri, ruwa yana tacewa a hankali kafin ya sauka. Amma in ƙazanta ta samu tsaga a dutse, zarcewa take yi ba tare da wata tacewa ba. Shi ya sa ake zuba siminti a kewaye bututun daga sama zuwa wasu mitoci ƙasa lokacin haƙa. Masu haƙa da yawa suna tsallake wannan don a rage kuɗi, mai aikin kuma ba zai taɓa sani ba tunda abin a binne yake. Lokacin da marigayi ya haƙa, wajen nan fili ne, ba gida ko ɗaya a jikinsa. Gari ne ya zo ya same shi.

Oga Tela: To Injiniya, tunda ginina kake nufi gara ka kira sunana. Fulotina ƙafa nawa ne gaba ɗaya? In na bar mita 30 sai dai in haƙa sokawen a ɗakin maƙwabcina. Kuma ni kaɗai ne mai sokawe a layin? Bayan gidan masallacin kansa ina yake zuba? Ka auna shi ma da ƙafar taka.

Injiniya: Oga ba faɗa ba ne, kuma ka yi gaskiya, na masallacin ma yana kusa. Shi ne ciwon unguwanninmu duka: kowane gida da rijiyarsa ko bohol ɗinsa, kowane gida da sokawensa, a fuloti ƙanana manne da juna. Ba laifin mutum ɗaya ba ne. Naka na ambata don shi ne sabo, kuma canjin ruwan bayan tarewarka aka fara jin sa. Mai yiwuwa dacewa ce kawai.

Oga Tela: Mai yiwuwa kuma hassada ce kawai.

Sakatare: Oga, don girman Allah. A bar wannan.

Kwamared: Ni duk wannan magana dariya take ba ni. Muna nan muna cin naman juna a kan sokawe, ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa birni kamar Kano yake rayuwa a kan kura da jarka. Garin da aka fara ba shi ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ga dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, ga na Challawa Gorge a Ƙaraye, ga sabuwar matatar Tamburawa mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana, ga ta Watari mai miliyan 75. Ruwa dai akwai shi a jihar nan. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi alƙawarin ruwa, ta tafi ta bar mu da 'yan garuwa. Wannan ba aikin karo-karo ba ne, haƙƙinmu ne.

Injiniya: Kwamared ban musa ba, haƙƙi ne. Amma ko gobe ruwan famfo ya zo layin nan, ba shi ke nan an huta ba. Ruwan da yake zuwa yau ya ɗauke kwana uku yana da nasa haɗarin. Idan bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya huje waje yake fesarwa. Da zarar an ɗauke, sai ya koma zuƙa, duk abin da ke kewaye da hujin ya shige ciki. Ku duba yadda bututan gidaje suke ratsawa ta cikin kwata a unguwanni da yawa, an ɗaure da robar taya. Shi ya sa ruwan farko da yake zuwa bayan an daɗe babu yake fitowa ja ko baƙi. A matata an tace shi an sa masa kulorin, a hanya yake lalacewa.

Kwamared: To ka ga maganata ta ƙara fitowa. Bututan ma aikin wa ne?

Maman 'Yan Biyu: Kwamared, ka rubuta takardar ƙorafin mu sa hannu, ni ce ta farko. Amma yarana gobe da safe za su sha ruwa, ba bayan zaɓe ba.

Uban Kura: Salamu alaikum. Ni ne nake ba yaran nan hayar kura, kuma tun jiya ake tare su a layi ana zaginsu, har wata ta watsa wa ɗaya ruwan a jiki. Jama'a ku ji tsoron Allah. Yaron nan ya baro ƙauyensu, yana tura jarkoki cike tun asuba cikin caɓi, abin da famfo ya zuba masa shi yake kawo muku. Shi ma shi yake sha.

Anti Nas: Ba wanda ya isa ya zage su, ba don su ba da mun ga ta kanmu. Amma Malam, tsakani da Allah yaushe rabon da a wanke cikin jarkokin nan? Jarkar mai ce ta asali, baki ƙarami, hannu ba ya shiga. Ka haska fitilar waya a cikin guda ɗaya ka gani. Kuma waɗanda murfinsu ya ɓata da leda ake toshewa, wani lokacin ledar da aka tsinta a ƙasa.

Uban Kura: Ana wankewa da omo da tsakuwa, a girgiza. Ba kullum ba dai, ba zan yi ƙarya ba. Murafe kuwa yara ne suke sacewa suna tayar mota da su.

Baffa na Kan Kwana: To kun ji. Jarka ce, ba bohol ba. Allah gafarta Malam yana nan yana karantawa, ya faɗa mana: ruwan da launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa bai canja ba, ba mai tsarki ba ne?

Malam na Islamiyya: Bismillah. Baffa, abin da ka faɗa haka yake a littattafanmu na Malikiyya: ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu ba, ana alwala da wanka da shi. Amma wannan hukuncin ibada ne. Ko ruwa zai cutar da mai shansa, wannan tambayar masana lafiya ake yi wa, kuma shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa. Sannan ga shi mata suna cewa warin ma ya canja, in ta tabbata najasa ce ta canja shi, to har alwalarmu ta shiga maganar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi umarni a riƙa rufe ƙorai da bakin salka. Game da marigayi kuwa, ladan sadakarsa yana gudana ne gwargwadon amfanin da mutane suke samu. Wanda ya gyara bohol ɗin nan ya taimaki Alhaji, bai tozarta shi ba. Wallahu a'alam.

Hajiya Inna: Jikata ce take rubuta min. Baffa, ni na girme ka, ka saurare ni. A ƙauyenmu da muna yara, duk damina sai kurkunu ya kwantar da rabin gari, ga shuka ta fito ba mai nome ta. Na ga mahaifina yana naɗe tsutsar a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, makonni ana abu ɗaya, ƙafa ta kumbura. Da ma'aikata suka zo suka ce ruwan tafkinmu ne, dattawa suka ce tafkin da kakanninmu suka sha? Har aka kusa korarsu. Daga baya aka karɓi ƙyallen tacewa, aka hana mai ciwon shiga tafki. Yau jikokina ko sunan kurkunu ba su sani ba. Ba a zagi kakannin kowa ba, tacewa kawai aka yi.

Anti Nas: Haka ne Inna. A ƙarshen shekarun 1980 Najeriya tana da masu kurkunu sama da 650,000, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Kuma ba allura ba ƙwaya, gyaran ruwan sha ne kawai.

Ɗan Gobir: Gaisuwa ga iyaye da 'yan uwa. Ni baƙo ne a cikinku, kasuwanci ya kawo ni daga jihar Maraɗi, amma ku bar ni in faɗi abin da ya faru a Tibiri, don duk wanda ya fito yankinmu ya san shi. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai zurfi aka ja famfo. Murna wajen mutane ba a magana, an huta da guga. Ruwa fari tas, ba wari, ba gudawa. Shekaru suna tafiya sai aka lura yaran da aka haifa bayan zuwan famfon haƙoransu suna rinewa ja, ƙafafu suna lanƙwashewa, wasu ba sa iya tafiya sosai. An yi ta cewa iska ce, an yi ta cewa gado ne. Sai bayan shekara goma da wani abu aka tabbatar sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan, ya ninka abin da aka yarda da shi sau uku ko fiye. Yara dubbai abin ya shafa. Waɗannan yaran yanzu magidanta ne, suna nan da ƙafafunsu a haka. Ba sokawe, ba jarka, daga cikin dutsen ƙasa abin ya fito. Da an kai kwalba ɗaya ɗakin gwaji tun farko, da ba a kai nan ba. Ban ce naku haka yake ba. Cewa nake ku auna, harshe da ido ba sa gane wannan.

Hajiya Mai Ƙosai: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. To tafasawa ba ta maganinsa?

Injiniya: Ko kaɗan Hajiya. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, abu mai rai. Sinadari irin fuloraid ko dalma ko naitiret ba ya mutuwa, ruwan ne ma yake ƙonewa ya bar shi a tukunya. Iyakar fuloraid da aka yarda da ita miligiram 1.5 ce a lita, naitiret kuma 50. Shi naitiret daga masai da taki yake zuwa, ya fi haɗari ga jarirai, kuma in aka gan shi da yawa a ruwan bohol yana iya zama alamar sokawe yana yoyo a ciki. Mutanen da ke kusa da inda kamfanonin jima suke zubar da ruwansu, wajen Sharaɗa da Challawa da Bompai, su kuma damuwarsu sinadarin kuromiyom ne. Mu nan mun yi nisa da wannan. Don haka gwaji biyu za mu nema, na ƙwayoyin cuta da na sinadarai.

Amaryar Layi: Ni fa tuni na koma fiya wata, hankalina kwance.

Maman 'Yan Biyu: Amarya ke da mijinki ne kawai shi ya sa. Gidan mutum goma sha biyu fa? Kuma da fiya watan kike wanke kwanuka da salak?

Anti Nas: Ta faɗi gaskiya. Ruwan wanke kofi da na wanke kayan miya da na kurkure baki duk ciki suke shiga. Fiya watan ma a duba lambar NAFDAC da adireshin kamfani a jiki, a guji wanda aka jibge a rana ko wanda yake da ɗanɗanon leda. Wasu masu yin sa daga bohol irin namu suke ja, bambancin kawai na kirki suna tacewa su kashe ƙwayoyin cuta, na banza kuwa ƙullewa kawai suke yi. Mafi sauƙi ga gida mai yawa shi ne kulorin, WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs. A bi awon da aka rubuta a jiki, a jira minti 30 kafin a sha. Sannan randa: a rufe ta, a ware mata moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita, a rataye ta. Yaro ya tsoma kofi har da yatsunsa, duk wahalar tafasawar ta tashi a banza.

Sakatare: To jama'a, ga abin da na tsinta. Za a kai ruwa gwaji. Injiniya, yaya ake yi?

Injiniya: Samfur uku za mu ɗauka: ɗaya daga bututun da ke fitowa daga ƙasa kafin ya hau tanki, ɗaya daga famfon ƙasan tanki, ɗaya daga jarkar mai ruwa a ƙofar gida. Ta haka za mu san a ina abin yake shiga. Ba a gorar lemo ake ɗiba ba, ɗakin gwajin ne zai ba mu kwalabensa da aka kashe wa ƙwayoyin cuta. A sa a kula da ƙanƙara, a kai cikin awa shida. Abin da ake nema shi ne ƙwayar E. coli, wadda take zaune a hanjin mutum da dabba. Ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100. In an same ta, to bayan gida ya taɓa ruwan.

Baffa na Kan Kwana: Hajiya Inna ta yi magana, Malam ya yi, ba ni da ta cewa. Kuɗin gwajin ni zan biya, kada a karɓi sisin kowa. Amma da sharaɗi: da ni za a je ɗiban ruwan, kuma duk abin da takarda ta ce a sa shi nan kowa ya gani, ko ya yi min daɗi ko bai yi ba.

Sakatare: Allah ya ƙara girma Baffa. An yarda.

Sakatare: Assalamu alaikum. Sakamako ya fito, na sa hoton takardar a sama. A taƙaice: ruwan da ya fito daga ƙasa ba a samu E. coli a cikinsa ba, fuloraid ɗinsa ma lafiya. Na famfon tanki an samu. Na jarka an samu fiye da na tankin. Naitiret bai haura iyaka ba, amma mai gwajin ya ja layi a ƙarƙashinsa ya ce a sa ido. Da muka dawo muka sa tsani, ni da yaron ladan muka hau. Jama'a, murfin tankin babu shi, wani tsohon buhu aka ɗaure da waya, shi ma rana ta cinye shi. Gefen bakin duk kashin tattabaru ne. Ciki kuwa gansakuka ta yi kore shar a bango, ƙasan laka ce mai kauri, muka tsamo mushen ƙadangaru biyu da wani abu mai gashi da ban tsaya tantance shi ba. Tun da aka ɗora tankin nan ba wanda ya tuna an taɓa wanke shi.

Hajiya Mai Ƙosai: Wayyo cikina. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Baffa na Kan Kwana: Alhamdu lillahi. Bohol ɗin marigayi ya fita. Tankin kuwa laifinmu ne mu masu rai, har da ni da nake zaune a gindinsa kullum.

Oga Tela: Ina Injiniya? A zo a ba ni haƙuri a nan inda aka ɓata min suna.

Injiniya: Oga in maganata ta ɓata maka rai ka yi haƙuri. Amma ba zan ce sokawe ya fita ba tukuna, naka da na masallaci duka. Ranar da muka ɗebi ruwan an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, mata kuwa cewa suka yi washegarin ruwa mai ƙarfi warin yake tashi. Gwaji ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa. Ga kuma layin da aka ja a ƙarƙashin naitiret, daga wani waje yake zuwa. A sake ɗiba da safe bayan an kwana ana ruwa. In ya sake fita lafiya, har shago zan zo in ba ka haƙuri a gaban yaranka.

Oga Tela: Ina jira. Ka taho da ɗinki ma.

Kwamared: Kafin a watse, da can akwai duba-gari da suke shiga gida-gida suna leƙa randa da masai. Yanzu sai mun hau tsani da kanmu. Takardar ƙorafin tana nan na rubuta, ina neman sa hannu.

Anti Nas: Kawo in sa. Amma a yau ɗin nan a rufe famfon tankin, kada a ƙara sayar wa kowa sai an wanke. A zubar da ruwan, a kankare bangon da burushi, a wanke da kulorin, a ɗauraye sosai, a sa murfi mai kulle. Wanda zai shiga ciki kada ya shiga shi kaɗai, warin kulorin a rufaffen waje yana shaƙe mutum. Ruwan da ke randunan gidaje yanzu daga tankin nan ya fito, a tafasa shi ko a sa masa magani. Jarkoki ma ranar za a haɗa a wanke su da ruwan kulorin ɗin.

Uban Kura: In an rufe famfo yau yarana su ci me? Kuma gidajenku wa zai kawo wa ruwa? Sai dai su tafi bohol ɗin bayan kasuwa, wanda ba wanda ya auna shi, ga nisa, kuɗin jarka kuma zai tashi. Kada gobe a ce sun yi tsada.

Maman 'Yan Biyu: Wannan ma magana ce. Injiniya ba za a iya ba su kai tsaye daga bututun ƙasan ba, tunda shi ya fita lafiya?

Injiniya: Za a iya, in akwai wuta ko an tayar da janareto. Zan kawo tiyo da yamma in haɗa. Sai dai layi zai yi tsawo, don sumo, injin da ke zuƙo ruwan daga ƙasa, ba ya zuba da sauri kamar tanki. Tsagar dakalin kuma buhun siminti ɗaya da yashi ya isa, a ɗaga shi yadda ruwan layi ba zai kwanta a kai ba.

Sakatare: To ga yadda aka tsaya. Asabar bayan sallar asuba wankin tanki da jarkoki, matasa a fito da bokitai da burushi. Baffa ya ɗauki murfi da kwaɗo, mukulli zai zauna wajen ladan. Siminti da man janareto karo-karo ne, naira dubu ɗaya kowane gida, a kai wa Hajiya Mai Ƙosai ita ce ma'aji. Saura wanda zai riƙa tuna mana wankin tankin nan gaba, da kuɗin gwaji na biyu.

Uban Kura: Gida mai mutum biyu da gida mai mutum ashirin duk dubu ɗaya? Ni dai ba gida ba ne, amma zan ba da dubu biyu in za a saya wa jarkokina murafe a ciki.

Oga Tela: Gwaji na biyun ni zan biya. Injiniya ya riƙe kwalabensa a kusa, hadari nake gani yana haɗowa ta gabas.